Direba ya ginu a kwamfutarka, ya tsaya a ta wani: yadda ake kama kurakuran Kconfig kafin a tura faci

Ka gama rubuta direba don kanel ɗin Linux, ka gina, ka ɗora a kan allo, na'ura ta amsa. Ka tura faci (patch), wato gyaran kod ɗinka, hankali kwance. Bayan kwana biyu sai ga saƙo daga na'urar gwaji ta kamfanin Intel, wadda ake kira kernel test robot: gini ya tsaya da `undefined reference`, a kan wani saiti da kai ba ka taɓa tunaninsa ba. Kod ɗinka na C lafiyarsa ƙalau. Ɓarnar tana cikin layuka huɗu ko biyar da ka rubuta a gurguje a fayil ɗin Kconfig, inda ake ayyana zaɓuɓɓukan saitin kanel da abin da kowanne ya dogara da shi, bayan ka kwafo na maƙwabcin direbanka ka canza suna.

Zaɓuɓɓukan Kconfig sun haura 10,000, kuma kowane haɗi na waɗannan zaɓuɓɓuka kanel ne daban. Kai ɗaya tak ka gina. Aikin da ke gabanmu shi ne mu gina sauran waɗanda za su iya cutar da direbanmu, da gangan, tun a gida.

Zan yi amfani da direba na misali da na raɗa wa suna `CAJI`: cif ne mai kula da cajin batir, yana magana ta layin I2C, yana amfani da regmap (sashen kanel mai sauƙaƙa mu'amala da rajistoci) wajen karanta rajistocinsa, kuma idan an kunna HWMON (sashen sa ido a kan zafi da makamantansa) yana iya ba da rahoton zafin batir. Idan ba a kunna ba, caji zai ci gaba ba tare da rahoton ba.

Mataki na farko: riƙe lissafin y, m da n

Zaɓi mai nau'in `bool` matsayi biyu gare shi, `y` ko `n`. Mai nau'in `tristate` yana da na uku, `m`, wato a gina shi a matsayin modul da za a loda daga baya. Mafi yawan wahalar da za ka sha daga wannan na ukun take fitowa, saboda abin da aka ɗinke a jikin kanel ba zai iya kiran aikin da ke zaune a modul ba. Lokacin da ake haɗa `vmlinux`, wato fayil ɗin jikin kanel, modul ɗin yana waje, linka zai nemi sunan ya rasa.

Kconfig tana lissafi da lambobi: `n` sifili ne, `m` ɗaya, `y` biyu. Alamar `&&` tana ɗaukar ƙarami, `||` tana ɗaukar babba, `!` kuma tana cire darajar daga biyu. Saboda haka kishiyar `y` ita ce `n`, amma kishiyar `m` ita ce `m` ɗin dai. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ka kuma san inda zaɓin yake sauka. Daga `.config` ake samar da `include/generated/autoconf.h`. Idan `HWMON=y`, za a ayyana `CONFIG_HWMON`. Idan `HWMON=m`, abin da za a ayyana shi ne `CONFIG_HWMON_MODULE`, shi kuwa `CONFIG_HWMON` babu shi sam. Ke nan `#ifdef CONFIG_HWMON` zai ce babu alhali akwai. Wannan kuskuren ya fi na linka muni, don gini zai wuce lami lafiya, rahoton zafi ne kawai zai ɓace shiru a kan kowace rarrabar Linux da ta gina HWMON a matsayin modul.

Mataki na biyu: karanta Kconfig ɗinka da kiran da direba yake yi a gefe

Buɗe fayil ɗin C, ka rubuta a takarda kowane sashen kanel da kake kira. Na `CAJI` uku ne: I2C, regmap ta I2C, da HWMON. Kowanne sai ka yanke masa hukunci: dole ne, ko kod ɗin taimako (library) ne na ɓoye, ko na ganin dama.

```
config CAJI
	tristate "Caji battery charger"
	depends on I2C
	depends on HWMON || !HWMON
	select REGMAP_I2C
```

I2C dole ne, kuma zaɓi ne da mai saiti yake gani a menu, don haka `depends on`. Tunda `CAJI` tristate ne, idan `I2C=m` Kconfig ba za ta bari ya wuce `m` ba. Amma da `bool` ka sa, a nan gizo ke saƙar: `bool` ba shi da `m`, don haka Kconfig za ta ɗaga shi zuwa `y` a kan I2C da yake modul, gini ya tsaya. Direban da dole a ɗinke shi a jikin kanel sai ya rubuta `depends on I2C=y`. Idan ka leƙa `drivers/mfd/Kconfig` za ka ga wannan layi ba adadi, kuma wannan ne dalilinsa.

`REGMAP_I2C` ba ya fitowa a menu, ba wanda zai iya kunna shi da hannu, don haka `select` ne daidai. Sai dai `select` ba ta da kunya. Tana kunna abin da aka nuna mata ba tare da ta duba ko abubuwan da shi ma ya dogara da su suna nan ba. `REGMAP_I2C` ya dogara da I2C. Da mun manta layin `depends on I2C`, wani saitin zai fito da regmap a kunne, I2C a kashe, Kconfig ta buga `WARNING: unmet direct dependencies detected for REGMAP_I2C`. Wannan gargaɗi yana fitowa ne lokacin saiti, kafin dubban layukan gini su binne shi, shi ya sa mutane ba sa ganinsa. Ƙa'idar da nake bi ita ce: duk lokacin da na rubuta `select`, sai na je na buɗe inda aka ayyana abin da na zaɓa, na kwafo dukkan `depends on` ɗinsa zuwa nawa. Kuma ba na yi wa zaɓin da ke bayyane a menu `select` sai na ga haka sauran direbobi suke yi masa. Idan wasu suna `select` wasu suna `depends on` a kan suna guda, ƙarshenta `recursive dependency detected` ne.

Layin `HWMON || !HWMON` kuwa, wanda ya fara ganinsa zai ɗauka ba ya cewa komai. Yi lissafin. Idan HWMON `y` ne, babba tsakanin biyu da sifili biyu ne, direba yana da 'yanci. Idan `n` ne, babba tsakanin sifili da biyu, nan ma biyu. Idan `m` ne, ɗaya da ɗaya, sakamako `m`. Ashe layin yana cewa ne: ban damu ko akwai HWMON ko babu ba, amma idan modul ne, ni ma dole in zama modul. Wasu suna rubuta shi `HWMON || HWMON=n`, ma'ana ɗaya ce.

Akwai wata hanya a cikin C, `IS_REACHABLE(CONFIG_HWMON)`, wadda take cewa e ne kawai idan kod ɗin da ake ginawa zai iya kaiwa ga HWMON. Tana hana gini tsayawa, amma ni ba na sonta sai dole. Mai amfani ya kunna HWMON, ya kunna direba, ya zo bai ga zafin batir ba, kuma ba abin da ya gaya masa dalili. Gara Kconfig ta hana haɗin tun farko.

Kada ka sa `default y` a sabon direba. Linus Torvalds ya sha yin faɗa a kan wannan, kuma da gaskiyarsa: cif ɗinka ba ya cikin kwamfutar kowa.

Mataki na uku: farautar sunan da babu shi

Kconfig ba ta ƙorafi idan ka dogara da sunan da ba a ayyana ba, tana ɗaukarsa `n` ne ta wuce. Rubuta `depends on CONFIG_I2C` a maimakon `depends on I2C`, direbanka zai ɓace daga menu har abada ba tare da ko tari ba. Haka idan Kconfig ta ce `CAJI`, Makefile kuma ya ce `obj-$(CONFIG_CAJJI) += caji.o`, gini zai yi nasara domin ba a taɓa fayil ɗinka ba.

Akwai skirif na musamman don wannan:

```
scripts/checkkconfigsymbols.py --diff v6.6..$(git rev-parse HEAD)
```

Canza `v6.6` da inda reshenka ya taso. Zai nuna sunayen da aka ambata a C, Makefile ko Kconfig amma ba a ayyana su ko'ina ba. Yi `git commit` kafin ka gudanar da shi, don yana motsa bishiyar git yayin kwatance, kuma yana ƙin aiki idan ya tarar da gyaran da ba a adana ba. Zaɓin `--sim` yana kawo sunaye masu kama da wanda ka ba shi, yana da amfani idan an canza wa wani zaɓi suna a baya ba ka sani ba.

Bayan kowane gini kuma, tabbatar da idonka cewa `caji.o` ya fito. Ginin da bai taɓa fayil ɗinka ba bai gwada komai ba.

Mataki na huɗu: rage `#ifdef` a cikin fayil ɗin C

Kod ɗin da `#ifdef` ya rufe, kompaila ba ya ko kallonsa, don haka kuskure zai iya kwana a ciki shekaru. Rubuta shi haka:

```
if (IS_ENABLED(CONFIG_HWMON))
	ret = caji_hwmon_init(caji);
```

`IS_ENABLED` tana cewa e ga `y` da `m` duka, ta magance matsalar mataki na farko. Kompaila kuma zai duba kod ɗin a kowane saiti, sannan ya jefar da shi idan sharaɗin ƙarya ne. Sharaɗi ɗaya: sai sanarwar aikin tana bayyane a heda ko da an kashe zaɓin.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne ayyukan barci da farkawa. Idan an kashe `CONFIG_PM_SLEEP`, tsohon makiro `SIMPLE_DEV_PM_OPS` ba ya ambaton `caji_suspend` da `caji_resume`, sai kompaila ya ce an ayyana su ba a yi amfani da su ba. Da can ana toshe bakinsa da `__maybe_unused` ko a zagaye su da `#ifdef`. Yanzu akwai `DEFINE_SIMPLE_DEV_PM_OPS` tare da `pm_sleep_ptr()`, su ne suka dace da sabon direba. Irin wannan ce ke faruwa da `of_match_ptr()` idan an kashe `CONFIG_OF`, wato tallafin Device Tree: teburin na'urorin da direban ke ɗauka ya zama maraya, gargaɗi ya fito. Mafi sauƙi ka cire makiron, ka miƙa teburin kai tsaye.

Idan direbanka yana fitar da ayyuka ga wasu ta heda, kuma ka rubuta madadinsu a ƙarƙashin `#else`, duba abu biyu: kowanne yana da `static inline`, kuma jerin abin da yake karɓa daidai yake da na ainihin aikin. Mutum yakan ƙara wa aiki sabon abin karɓa ya manta da madadin, tunda a saitinsa ba a gina wannan ɓangaren.

Heda kuma, sa duk wanda kake amfani da shi da kanka. Idan kana kiran `FIELD_PREP`, sa `linux/bitfield.h`. Yana iya shigowa a ɓoye ta wani heda a kan x86, a kan ARM kuma ya ƙi zuwa.

Mataki na biyar: gina munanan saituna da hannunka

Wannan shi ne zuciyar aikin. Yi amfani da `O=` domin kowane saiti ya samu foldarsa.

Mutane da yawa suna gina `allmodconfig` da `allyesconfig` su ce sun gama. Su biyun suna da kyau, amma dubi abin da suka tsallake. A na farko direbanka modul ne, a na biyu komai a jikin kanel yake. Haɗin da ke kashe gini, wato direba `y` a kan abin dogaro `m`, ba ya fitowa a ko ɗaya ga direba mai tristate. Haka ma yanayin da aka kashe abin ganin dama. Sai ka ƙera su:

```
make O=../g1 defconfig
scripts/config --file ../g1/.config --module HWMON --enable I2C \
	--enable POWER_SUPPLY --enable CAJI
make O=../g1 olddefconfig
grep -E 'CONFIG_(CAJI|HWMON|I2C)[= ]' ../g1/.config
```

`POWER_SUPPLY` shi ne sashen batir da caji, inda `CAJI` yake zaune. Layin `grep` ɗin nan ba ado ba ne. `scripts/config` rubutu kawai yake canzawa, `olddefconfig` ne ke zartar da dokokin Kconfig, kuma yana iya soke abin da ka nema. Idan ka ga `CAJI=m` duk da ka nemi `y`, madalla, layin `HWMON || !HWMON` ya yi aikinsa. Idan ka ga `HWMON=y` duk da ka nemi `m`, wani zaɓi ne ya yi masa `select`. Shiga `make O=../g1 menuconfig`, danna `/`, rubuta sunan, za ka ga wanda ya kunna shi, ka kashe shi ka sake.

Ga direba irin `CAJI` haɗe-haɗen da suka kamata ba su da yawa: HWMON a `y`, `m` da `n`, I2C a `y` da `m`, direba a `y` da `m`. Ƙara ɗaya da aka kashe `PM`, da ɗaya da aka kashe `OF`.

Sannan ka zo ta ɗaya gefen. Fara da `make tinyconfig`, ka kunna direbanka da abubuwan da Kconfig ɗinka ta ce yana bukata kawai, ba ƙari. Idan ya ƙi ginuwa, akwai abin da kake kira wanda ba ka ambata ba. Wannan gwajin na fi so, don yana gamawa cikin 'yan mintuna ko a ƙaramar kwamfuta, kuma shi ke tona asirin dogaron da `defconfig` yake rufa wa baya. Lura dai, a `tinyconfig` an kashe `MODULES`, kuma idan babu shi kowane `m` yana komawa `y`. Kunna shi idan gwajin modul kake so.

Kuma a bar gini ya kai ƙarshe. `make drivers/power/supply/` zai kama kuskuren kompaila, amma sunan da ya ɓace sai wajen haɗa `vmlinux` yake bayyana, ko wajen modpost, matakin da ke duba sunayen da modul ke kira, inda za ka ga layi mai farawa da `ERROR: modpost:` yana ƙarewa da `undefined!`. A nan ne kuma ake kama wanda ya manta `MODULE_LICENSE` ko `EXPORT_SYMBOL_GPL`. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar dogon gini, sake buga umarnin kawai, `make` zai ɗora daga inda ya tsaya.

Mataki na shida: fita daga x86 mai bit 64

Idan direbanka na wani allo ne takamaimai, rubuta dogaronsa kamar `depends on ARCH_SUNXI || COMPILE_TEST`, domin na'urorin gwaji su iya gina shi a ko'ina. Amma da ka buɗe wannan ƙofa, sai ka ambaci abin da allon yake ba ka kyauta a da: `HAS_DMA`, `COMMON_CLK`, da makamantansu. 

Gwaji mafi arha shi ne `make ARCH=i386`. Raba lamba mai bit 64 da alamar `/` yana wucewa a kwamfutarka, amma a bit 32 kompaila zai kira `__udivdi3`, a ARM kuma `__aeabi_uldivmod`, kanel kuwa ba ya samar da su. Maganin `div_u64()` ne ko `do_div()`. A nan ne kuma za ka ga inda ka buga `size_t` da `%lu` a maimakon `%zu`, ko `dma_addr_t` ba da `%pad` ba.

Don ARM, Debian da Ubuntu suna da kunshin `gcc-arm-linux-gnueabihf`:

```
make O=../g-arm ARCH=arm CROSS_COMPILE=arm-linux-gnueabihf- multi_v7_defconfig
```

Ko ka yi amfani da Clang ta `LLVM=1`, wanda kompaila ɗaya ke gina nau'o'i da dama, kuma gargaɗinsa ya bambanta da na GCC, riba biyu ke nan. A kan foldar direbanka ƙara `W=1` don ƙarin gargaɗi, da `C=1` domin sparse, manhajar binciken kod, ya duba maka inda ka cakuɗa `__le16` da lamba ta yau da kullum, kuskuren da sai a furosesa mai jera bayit ta babban kai (big-endian) yake cizo.

Mataki na bakwai: bar sa'a ta nemo abin da ba ka hango ba

`make randconfig` yana zaɓar saiti da ka. Da irin wannan ginin Arnd Bergmann da Randy Dunlap, masu aikin kanel, suka shafe shekaru suna tono kurakuran dogaro a direbobin mutane. Matsalarsa ita ce mafi yawan saitunan ba za su ƙunshi direbanka ba, sai ka ɗaure masa hannu. Rubuta ƙaramin fayil, `dole.config`:

```
CONFIG_COMPILE_TEST=y
CONFIG_MODULES=y
CONFIG_POWER_SUPPLY=y
CONFIG_I2C=y
CONFIG_CAJI=y
```

Sannan `make O=../gr KCONFIG_ALLCONFIG=$PWD/dole.config randconfig`. Abin da ke cikin fayil ɗin zai tsaya in dokoki sun yarda, saura kuma a watsa. Sa shi a madauki: samar da saiti, duba ko `CAJI` ya tsira, gina, idan ya faɗi ka adana `.config` da saƙon kuskuren. Kowane zagaye yana buga `KCONFIG_SEED`, lambar da za ta sake haifar da wannan saiti a kan bishiya ɗaya. Adana abin da matakin saiti ya buga shi ma, ka nemi kalmar `unmet` a ciki. Bar shi ya kwana yana aiki, gobe ka sauya `CAJI` zuwa `m` ka maimaita.

Za ka ci karo da kurakuran da ba naka ba, musamman a kan linux-next, bishiyar da ake tara sababbin gyare-gyare kafin su shiga kanel. Kada su ɗauke maka hankali, sunan fayil ɗinka kake nema. Idan saiti ɗaya ya faɗi wani makamancinsa ya wuce, `scripts/diffconfig` zai jera maka bambancinsu, galibi mai laifin yana cikin layuka kaɗan.

Idan duk da haka rahoto ya zo

Saƙon na'urar gwaji yana zuwa da `.config` ɗin da ya faɗi, da sunan kompaila, da yadda za a maimaita ginin. Sauke saitin, sa shi a sabuwar folda, yi `olddefconfig` da `ARCH` ɗin da aka ambata, ka ga kuskuren da idonka kafin ka taɓa komai. Daga nan nemo fayil ɗin da ya ayyana sunan da ya ɓace, duba Makefile ɗin foldarsa ka ga wane `CONFIG_` ne ke gina shi, ka yi `grep` ɗin wannan suna a saitin. Amsar kusan kullum ɗaya ce cikin biyu: `is not set`, wato ka manta dogaro, ko `=m` alhali naka `=y`, wato matsalar mataki na biyu.

Kada ka yi saurin jefa `select` don kawai saƙon ya tafi, koma ka tambayi ko abin dole ne, na ɓoye ne, ko na ganin dama. Idan facinka bai shiga ba tukuna, gyara shi ka tura sabon zubi, ka faɗi abin da ya canza a ƙarƙashin layin `---`. Idan ya riga ya shiga bishiyar mai kula, tura faci daban mai layin `Fixes:` da haruffa 12 na farkon lambar commit ɗin da takensa, da `Reported-by:` da `Closes:` kamar yadda rahoton ya bayar. A jikin bayanin, manna saƙon kuskuren, ka rubuta haɗin da ya jawo shi a fili, misali `CAJI=y` da `HWMON=m`, domin mai kula ya iya gwadawa da kansa. Saitin da ya kama ka kuma, ajiye shi a foldar gwajinka, ka riƙa gina shi duk lokacin da ka taɓa Kconfig ɗin direban.